Ɗakin da Ke Kan Kududdufi

Gidana yana gindin duwatsu, a tsohon ɓangaren garin Dutse. Mijina, Allah ya jiƙansa, ya zaɓi wurin ne domin ba ya ƙaunar laka. Lokacin da magina suka zo haƙa harsashi, ba su yi nisa ba digarsu ta fara tartsatsin wuta, sai aka haƙura aka ɗora ginin a kan dutsen yadda Allah ya ajiye shi. A cikin gidan nan na yi shekarun koyarwata duka, kuma a cikinsa na zauna bayan na ajiye aiki.

Bayan rasuwar mijina wani kamfani ya fara fasa dutse a bayan tudun da ke yamma da mu, yana niƙa tsakuwa don aikin hanya. Suna da tsari, ban hana su wannan ba. Da an idar da sallar azahar sai a busa jiniya, jim kaɗan sai nakiya ta tashi. A gidana abin da nake ji bugu ɗaya ne tak, mai ƙarfi, kamar an saki turmi a tsakar gida. Gilashin taga ya ce ƙas, shi ke nan, an gama. Na saba da shi kamar yadda mutum ke sabawa da tarin maƙwabcinsa.

Dangi kuwa ba su saba ba. Kowa ya zo gaishe ni sai ya ce tsohuwa kamata ba ta da dalilin zama a bakin nakiya. Wanda ya fi kowa damuwa shi ne surukina, mijin 'yata ta fari, ma'aikacin gwamnati, mutum mai natsuwa da ladabi. Ya gina sabon gida a gefen Takur, nesa da duwatsu, ya ware mini ɗaki a ciki. Da yake ba ya iya tarar fuskata da magana, ni ma ba na tarar tasa, saƙon ta bakin mahaifiyarsa yake zuwa. Hajiya mutuniyar Jahun ce, 'yar kasuwa, mai sayar da atamfa, bakinta ba ya hutawa ko a gidan makoki. Na ƙi tayin. Ban ƙi don na san wani abu game da gidan ba, na ƙi ne kawai domin ban ga ranar da zan kwana ƙarƙashin rufin suruki ba.

Wajibi ne in faɗi yadda nake da wannan 'ya tawa, domin in ban faɗa ba abin da ya biyo baya zai zama kamar shirme. Ita ce ta fari, mu kuma asalinmu Fulani ne, ko da yake kakana ya daɗe da ajiye sanda ya kama garma. Da aka yaye ta, yayata ta ɗauke ta zuwa Miga, can ta girma. Ban taɓa kiran sunanta ba. Ban taɓa tambayar ta ko ta ci abinci ba. In ta yi ciwo, ta bakin wasu nake jin labari, ina dubar wani wuri kamar maganar ba ta shafe ni ba. Ita kuma Malama take ce mini, kamar sauran 'yan makaranta. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma na riƙe ta da irin tsananin da nake riƙe komai a rayuwata. Ni mutum ce da ba ta barin tabarma a karkace.

A shekarar da nake ba da labari, ta haihu a ƙarshen bazara, haihuwarta ta uku, namiji. Na bari dangin uba suka riga ni zuwa barka, yadda ya dace, sannan na je. A da, duk zuwan da na yi gidan da hantsi nake yi, in tsaya a tsakar gida in juya kafin rana ta take. Wannan karon Hajiya ta riƙe mayafina.

"Malama, yau dai ba inda za ki. Ga angonki ya zo, ko kallon kirki ba ki yi masa ba. Ko baƙinsa ne bai yi miki ba?"

"Hancinsa ne bai yi mini ba," na ce. "Na gidanku ya ɗebo."

Aka yi dariya, aka shigar da ni ɗakin mai jego, wanda yake can ƙarshen gida ta baya. Ɗaki ne mai kyau, an shimfiɗa masa tayil, rufinsa na kankare ne, a samansa kuma aka ɗora babban tankin ruwan gidan. Na yi sallar azahar a nan, na zauna a kan darduma ina lazimi, jaririn yana barci a kan gado kusa da bango.

Ban ji jiniya ba, ta yi nisa. Abin da na fara ji wani gurnani ne a ƙarƙashin cinyoyina. Daga nan sai daɓen ya motsa. Ba bugu ba ne irin na gidana, lilo ne. Ƙasa ta tafi da ni gaba kaɗan, ta dawo da ni, ta sake tafiya. Kwallayen da aka jera a kabad suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Fankar da ba a kunna ba ta fara kaɗawa. A bisa kanmu na ji ruwan tanki yana dukan gefe da gefe. Na jira abin ya tsaya a inda na san yana tsayawa, bai tsaya ba. Na karanta salati har ƙarshe, na sake farowa, kwallayen nan ba su yi shiru ba.

Da ya lafa na ga hannuna ya kama ƙafar gadon, har jijiyoyina sun fito. Mai jegon tana shan kunun kanwa, ko cokalin ba ta ajiye ba.

"Kullum haka yake yi, Malama," ta ce, idonta a ƙasa. "Mun saba. Ai ku da kuke kusa da su, Allah kaɗai ya san abin da kuke gani."

Na miƙe na gyara darduma, na fito bayan gidan kamar mai neman iska. Na tsaya na dubi tsamiyar da ke kudu, na dubi tsohuwar hanyar shanu, na auna da ido. Sai na gane inda nake tsaye.

Na san wurin nan tun babu gida ko ɗaya. Kududdufi ne. Daga nan mutanen ƙauyukan kewaye suke ɗibar ƙasar gini, kaka da kakanni, har ramin ya yi zurfin da in damina ta cika shi ba a barin shanu su kusance shi. Ina wucewa ta gefensa a farkon aikina, lokacin da nake koyarwa a wata makarantar ƙauye. Da gari ya faɗaɗa, aka yi masa abin da muke yi wa kowane kududdufi: aka mai da shi juji. Shara, toka, kashin awaki, buhunan leda, ɓaraguzan tsofaffin gidaje, shekara da shekaru, har ya kusa cika. Sannan aka kawo motocin yashi aka rufe, aka baje, aka yanka filaye. Gaban gidan surukina yana kan tsohon gaɓar ramin. Ɗakin mai jego kuwa yana kan tsakiyarsa.

Ni 'yar makarantar mishan ce, ta zamanin da ake duba farce da safe. Mahaifina ya kai ni ne bayan sun yi masa maganin ido a asibitinsu, da sharaɗin ba za a taɓa mini sallata ba, kuma ba a taɓa ba. Baturiyar da ta koya mana labarin ƙasa ba ta yarda da haddar baki ba, sai ta nuna. Ranar da muka zo kan girgizar ƙasa, ta aika aka ɗauko ƙwaryar kunun da ya kwana ya kame, ta ajiye a kan tebur, ta sa dutsen niƙa a gefenta. Ta daki teburin da hannu sau ɗaya. Dutsen bai nuna ya ji ba. Ita kuwa ƙwaryar ta motsa ta tsaya. Amma kunun da ke ciki ya ci gaba da rawa, yana zuwa gefe yana dawowa, bayan hannunta ya daɗe da barin tebur. Ta bayyana mana cewa motsi yana ratsa dutse da sauri ya wuce abinsa, amma in ya shiga ƙasa mai taushi sai ya rage gudu, ya ƙara girma, kuma in ƙasar tana zaune cikin kwari mai bangon dutse, motsin ba ya samun hanyar fita, sai ya yi ta dukan bango yana komowa. Don haka garin da aka gina a kan tsohon tafki ko kwarin da laka ta cike zai iya rushewa, alhali ƙauyen da ke kan dutse, wanda ya fi shi kusa da tushen girgizar, ko tukunya ba ta fashe masa ba.

Na koyar da darasin nan ga ɗalibai masu yawa, da ƙwaryata da kununa. Na koya musu cewa dutsen da garinmu ya samo suna daga gare shi yana nutsewa ne a hankali in an nufi arewa da gabas, ya shige ƙarƙashin rairayi da yumɓu, har mai haƙa rijiya a wajen Jahun ko Miga ya gaji bai taɓa shi ba, kuma haka shimfiɗar take tafiya har tafkin Chadi. Ina faɗa musu wannan da sanyin rai, domin ƙasarmu Allah ya yi ta mai barci ce. Ko da rediyo ya ba da labarin birnin da girgiza ta kife a wata ƙasa mai nisa, ko aka ce an ji ɗan motsi a wata unguwa a ƙasar nan, addu'a nake yi musu in ci gaba da guga. Ban taɓa tunanin cewa mu da hannunmu muna haƙa ƙananan ƙore a cikin gari, mu cika su da abin da ya fi kunu taushi, mu kwantar da 'ya'yanmu a kai ba. Kuma ba sai mun jira ƙasa ta farka ba, ga masu nakiya suna dukan teburin kowace rana.

Na koma ɗakin da sunan yin sallama. A bayan labulen taga na ga abin da nake tsoron gani. Tsaga ce siririya, ta taso daga kusurwar taga ta nufi rufi a karkace. Ba na rabuwa da alli a jakata, tsohuwar al'ada ce. Da mai jegon ta juya tana gyara wa yaron zani, na ja ɗan layi a daidai inda tsagar ta ƙare, na saki labulen.

Washegari na je wa Hajiya da maganar, domin ita ce ƙofar da al'ada ta bar mini. Na same ta tana lissafa wa masu aikin suna buhunan shinkafa. Na ja ta gefe na yi mata bayani a tsanake, tun daga kududdufi har zuwa ƙwarya. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Malama, dutsen nan a bayan ɗakinki ake fasa shi. Ke da nakiya maƙwabta ne, in ta yi atishawa ke ce mai cewa yarhamukillah. Amma gidan ɗana, da sai an hau adaidaita kafin a je, shi ne zai faɗi?"

"Nisa ba shi ne magana ba, Hajiya. Abin da ke ƙarƙashi shi ne magana."

"Abin da ke ƙarƙashi siminti ne, ni na ga buhunan da idona. Ke dai faɗi gaskiya, ɗakin da aka ware miki ne ba kya so, kike neman yi wa gidan duka sharri. Bafullatana da gudun gidan suruki!"

Ta yi dariya, ta koma kan shinkafarta. Ban ji haushinta ba. Lissafinta shi ne lissafin kowa: wanda ya fi kusa da wuta shi ya fi jin zafi. Ni ma da ba a daki tebur a gabana ina yarinya ba, haka zan ce.

Ranar suna ita ce rana mafi tsawo da na taɓa gani. Mata suka cika gidan, kuma kowace sai ta shiga ɗakin mai jego. Suka zauna a gado, a kujeru, a daɓe, wasu a tsaye a bakin ƙofa, har in mutum ya so fita da gaggawa ba zai iya ba. Uwar 'yar fari ba ta da wurin zama a irin wannan ɗaki, wurinta can gefe ne, ta yi kamar baƙuwa. Amma da aka kira azahar na kutsa na shiga, na tsaya kusa da taga, ina jin idanu a kaina. Na ɗaga gefen labule. Tsagar ta wuce layin allina da kusan tsawon ɗan yatsa.

Na so in ce a fita. Na buɗe baki, na dubi fuskokin nan masu kwalliya, na rasa da wace kalma zan fara. Ina cikin haka daɓen ya tafi.

Ko nauyin mutane ne, ko tsorona ne, ban sani ba, amma na ranar ya fi na farko. Kwalla ɗaya ta faɗo daga kabad ta yi ta juyi a kan tayil. Wani ɓallin shafe, kamar faɗin tafin hannu, ya saki daga inda bango ya haɗu da rufi, ya faɗo a kan matashin da aka ɗauke jaririn daga kai ba da jimawa ba, domin wata gwaggo ta karɓe shi tana yi masa wasa. Mata suka ɗauki salati. Da abin ya wuce sai aka fashe da dariya, irin dariyar da ake yi bayan an tsorata. Wata ta ce masu gidan na asali ne suka zo barka, tunda an san kududdufi ba ya rasa mazauna. Hajiya ta ce za a kawo turare da rubutu a yayyafa. Wata ta kakkaɓe matashin, aka mai da yaron daidai inda yake.

Ban raina addu'a ba, ban taɓa rainawa ba. Amma na tsaya ina kallon farar ƙurar da ta rage a kan zanin gadon, kusa da kunnensa. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas a kwanakin nan. Na san abin da ruwa zai yi in ya sauka cikin tsohon ramin: zai bi hanyarsa ta da, ya jiƙa shara da toka, abin da ke da taushi ya ƙara taushi.

Da taro ya watse na sake samun Hajiya. Na ce ina so a ba ni mai jego ta yi wanka a gidana har ta yi arba'in.

Wannan karon ba ta yi dariya ba.

"Wankan gida a haihuwa ta uku? Malama, a ina aka taɓa yi? Ta fari ma a Miga ta yi, wurin yayarki, ba ki ce komai ba. Yanzu so kike garin nan ya ce mun kasa sayen itacen dafa ruwa? Ko a ce ɗana ya yi mata wani abu?"

"Ba wanda ya yi mata komai."

"To ta zauna a ɗakinta. Ni zan yi mata wanka da hannuna, ganyen darbejiya ba ya gagarar mu."

Na koma gida. Kwanakin da suka biyo baya ban iya komai ba. In na ɗauki dutsen guga sai in tsaya da shi har gawayin ya mutu. Da jiniya ta yi kuka, sai in bar abin da nake yi in tsaya a tsakar gida. Bugun ya zo ya wuce a ƙarƙashin ƙafata cikin ƙiftawar ido, ni kuma in bi shi da zuciya, ina ganin sa yana ratsa gari ta cikin dutse, yana isa bakin ramin, yana shiga. Sai in ƙirga a raina tsawon lokacin da kwallaye suke kuka a can. Sannan in zauna ina jiran a buga ƙofa da mummunan labari. Ba a buga ba, amma gobe ma akwai azahar.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Laraba, mai yawa. Da gari ya waye na yi wanka, na sa fararen kaya, na hau adaidaita. Na san surukina yana dawowa gida cin abinci da rana. Ban shiga ta cikin gida wurin mata ba. Na yi sallama a ƙofar falonsa, na shiga, na zauna a kujerar da ke fuskantar tasa.

Ya zabura ya sauko ƙasa ya durƙusa, hularsa a hannu, kansa a sunkuye. Tun da ya auri 'yata bai taɓa ganin fuskata a sarari haka ba, ni ma ban taɓa sanin yana da furfura a gefen kai ba sai ranar.

"Mama, lafiya? Da kun aiko ai da na zo."

"Na aiko, Alhaji, saƙon bai iso ba. Tashi ka zauna, maganar ba ta durƙuso ba ce."

Bai tashi ba. Na ce masa na zo ne a kan 'yata. Kuma na faɗi sunanta, cikakke, da bakina, da ƙarfin da ya isa a ji a tsakar gida. Na ji motsin kwanuka ya tsaya a madafa. Shi kansa ya ɗago ya dube ni, ya yi sauri ya mai da kai. Harshena ya yi mini nauyi kamar na ɗauki abin da ba nawa ba, amma na ci gaba. Na ce ban zo neman ya yarda da maganata ba. Na zo ne ya ba ni azahar biyu, ta yau da ta gobe.

Da ya dawo daga masallaci na sa aka fitar da mai jego da jaririn tsakar gida. Muka shiga ɗakin ni da shi. Na ce ya zauna a daɓe ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan tayil. Ashe bai taɓa kasancewa a ɗakin a wannan lokaci ba, kullum yana falo, can gaba, inda abin ba ya kai haka. Da motsin ya zo na ga kafaɗunsa sun ɗaga. Ya dubi rufi, inda ruwan tanki ke kai da komowa. Na yaye labulen na nuna masa layin alli, da inda tsagar ta kai yanzu, ta kusa taɓa kankaren.

Washegari ya zo gidana, karo na farko da ya wuce zaure. Na kai shi bayan ɗaki inda dutsen ya fito fili, ya tsuguna ya ɗora hannu. Jiniya ta yi kuka, kusa, har ya runtse ido. Bugun ya zo, ya wuce. Ya ci gaba da riƙe dutsen yana jiran sauran.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan."

Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai.

"Mama, duk abin da na tara a rayuwata yana cikin gidan nan. Ina zan kai shi?"

"Ban ce ka kai shi ko'ina ba. Ban san ko zai faɗi ba, Alhaji, kuma ba zan yi maka ƙaryar na sani ba. Mai yiwuwa ya fi ni daɗewa a duniya. Ka nemo injiniya wanda ya san ƙasa, ba wanda ya san fenti ba, ya duba maka. Abin da na sani shi ne, ba zan iya sake jin jiniyar nan ba alhali suna kwance a ƙarƙashin tankin can."

Da la'asar ya kawo mai jego da jaririn da kansa a mota, da garwar wanka da buhun gero. Hajiya ba ta biyo su ba, kuma ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba. Maganar da ta ji tsoro an yi ta, har an ƙara. An ce an yi yaji ne aka rufe, an ce tsufa ya fara taɓa ni, an ce boko ya cinye mini kunya har ina kiran sunan 'yar fari a gaban suruki.

Zaman da muka yi da ita a gidana ba mai sauƙi ba ne. Ba mu san yadda ake hira da juna ba. Ni ke dafa ruwan, ni ke fyaɗa mata ganyen, muna yi shiru kamar masu aikin asibiti. Na gyara mata yadda take naɗe zanin yaro, ta karɓa ba musu. Sau ɗaya kawai, ina tsane mata baya, ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ashe kin san sunan, Malama." Na ce ta matsa kusa da wuta kada sanyi ya kama ta.

Kafin ta yi arba'in injiniyan ya zo ya haƙa rami a bayan gidan. Surukina ya faɗa mini cewa leda da toka aka yi ta fitarwa har mai haƙan ya nutse, ba a kai ga ƙasar kirki ba. Aka sauke tankin aka kafa masa ƙarfe a gaban gida. Aka mai da falon ɗakin kwana, shi kuma yake karɓar baƙinsa a rumfa. Ɗakin baya, da wanda aka ware mini a kusa da shi, aka kwashe kayansu aka sa kwaɗo. Da na tabbatar da haka da idona, na mai da ita ɗakin mijinta da kayan arba'in yadda ya kamata, ban rage ko ƙwaryar yaji ba.

Tsorona bai ƙare ba, ya dai ragu. Gaban gidan yana kan gaɓa ne, ba a kan dutse ba, kuma akwai gidaje da yawa a kan ramin nan waɗanda ba ni da 'ya a cikinsu, ba ni kuma da bakin shiga falonsu. In na wuce ta layin na ga yara suna wasa a gindin katanga, sai in ɗauke kai in yi sauri.

Ɗakin kuwa har yau yana tsaye. Yaron ya yi wayo, yana gudu, ɗakin bai faɗi ba. Hajiya ta huce, ta dawo da bakinta gaba ɗaya, kuma ba ta taɓa barin mu haɗu a biki ko suna ba tare da ta ɗaga murya don kowa ya ji ba.

"Malama, ɗakinki na gaishe ki! Ya ce in tambaye ki, yaushe ne faɗuwar?"

Mata su yi dariya, ni kuma in gyara mayafina.

"Ki ce ina amsawa, Hajiya. Roƙona ga Allah shi ne in mutu kuna yi mini wannan dariyar."